Littafin 'yar sanda da gardamar da ya tayar a majalisarmu

Littafin gwanjo ne. Cikin tarin da masu kasa tsofaffin littattafai ke zubewa a bakin titi na tsinto shi, bangonsa duk ya nannaɗe, na biya kuɗin da bai kai na farantin shinkafa da wake ba. Sunansa No Way Up the Greasy Pole, wata tsohuwar 'yar sandan Birtaniya mai suna Alison Halford ce ta fitar da shi a 1993. In za a mayar da sunan Hausa, kamar a ce an shafe falwaya da man gyaɗa ne aka ce maka bisimilla, hau.

Muna da wata 'yar majalisar karatu, mu tara ne, maza shida mata uku, ƙarshen kowane wata muke haɗuwa a tsakar gidan ɗaya daga cikinmu a sha shayi a yi musu. Ni na matsa a karanta wannan littafi, kuma ba zan ɓoye dalili ba. Ƙanwata ta gama sakandare, ta kafe ita makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda ta Wudil take so, gidanmu kuma ya rabu biyu a kan maganar. Kwafi ɗaya ne, don haka sai da ya yi kusan wata biyu yana zagayawa hannu zuwa hannu. Wasu sun kai ƙarshe, wasu sun tsaya a tsakiya, mutum ɗaya kuma na tabbata bangon kawai ya duba, amma shi ya fi kowa ɗaga murya ranar zama.

Ga wanda bai san matar ba, ga labarin a taƙaice. Ta shiga aikin ɗan sanda a Landan a 1962, lokacin da mata ke da sashensu daban, ana ba su aikin da ya shafi mata da yara. A 1983 ta koma rundunar Merseyside, yankin da birnin Liverpool yake, a matsayin ɗaya daga cikin mataimakan shugaban runduna. A tsarinsu akwai shugaba, akwai na biyunsa, sannan mataimaka. Ita ce mace ta farko da ta taka wannan mataki, kuma a lokacin babu wata 'yar sanda a duk ƙasar da ta kai ta girma. Daga nan sai falwayar ta fara santsi. Cikin shekara bakwai ta nemi ƙarin girma sau takwas, a rundunarta da wasu rundunoni, ba ta samu ba. Aka sake hana ta a farkon 1990, karo na tara ke nan. A watan Yunin shekarar ta kai ƙara kotun ma'aikata, ta haɗa da shugaban rundunarta da ministan cikin gida, ta ce don tana mace ake tsallake ta.

Ba a jima da shigar da ƙarar ba wani labari ya fito a jarida: wai an gan ta tana iyo da kayan ciki a tafkin wanka na gidan wani ɗan kasuwa, an sha giya, alhali a ranar ita ce babbar jami'ar da ke riƙe da aiki. Aka kafa mata bincike, aka dakatar da ita. Da aka zo sauraren shari'a a 1992, ita ma ta zazzage abin da ta sani game da shaye-shayen manyan jami'ai maza da irin maganganun da ake yi a kanta. Ba a kai ga hukunci ba aka sasanta. Ta yi ritaya bisa dalilin rashin lafiya, aka ba ta fam 10,000, aka ƙara mata fam 5,000 na ɗawainiya. Shekara talatin na aiki ta ƙare a nan.

Akwai ragowar labarin da ya faru bayan littafin ya fito. Ta yi zargin cewa rundunarta na sauraren wayoyin ofishinta don a samo abin da za a yaƙe ta da shi a kotu, har da layin da aka ba ta don kiran kanta. Ta kai maganar Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai, kuma a 1997 kotun ta ce akwai ƙwaƙƙwarar alamar an saurari wayar ofishin nata, an keta mata haƙƙin sirri, a biya ta fam 10,000. A 1999 aka zaɓe ta 'yar majalisar dokokin yankin Wales.

To, ranar zamanmu. Ko shayin ba a gama rabawa ba, wani abokinmu ya buɗe fage da karin magana: in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ya ce shi fa tun da ya kai wurin maganar tafkin wanka ya rufe littafin. Mace babba, mai muƙami, tana bakin aiki, ta je gidan wani ta yi wannan? Ta ya za a ba irin wannan jagorancin runduna? Kusan duk mazan suka gyaɗa kai. Ni ma, wallahi, lokacin da na fara karanta wurin, abin da ya zo min ke nan. Na ji kamar an rage min nauyi ma, kamar na samu hujjar da zan daina jin tausayinta.

Sai daga baya na zauna na lissafa kwanaki. Sau tara aka hana ta ƙarin girma kafin abin tafkin ya faru. Laifin da aka yi a 1990 ba zai zama dalilin hana mutum abu a 1985 ba, sai dai in masu hanawar bokaye ne. Ban ce abin da ta yi daidai ba ne. Ko a ma'aunin Turawa kuskure ne, balle a namu. Amma tambayar da littafin ya ajiye ba ita ce ko matar waliyyiya ce ba. Tambayar ita ce, da mudu ɗaya ake auna ta da sauran? In har shan giya a bakin aiki na hana mutum hawa, maza nawa ya hana a wannan runduna? Wa ya kai labarinsu jarida? Kuma me ya sa nata ya fito daidai lokacin da ta kai ƙara?

Wannan ɗabi'a ce da na lura muna da ita, mu matasa musamman, kuma ba a kan wannan littafi kaɗai ba. In mace ta fito ta ce an zalunce ta a wurin aiki, kafin mu saurari abin da aka yi mata sai mun fara bincika ita wace ce. Tana da aure? Yaya take shiga? Tana da tsiwa? Da mun samu tabo ɗaya shi ke nan, shari'a ta ƙare, kowa ya kama gabansa. Amma in namiji ne ya ce an danne masa ƙarin girma saboda ba shi da ubangida ko saboda jiharsa, ba mai tambayarsa ko yana sallar asuba a jam'i. Take muke cewa ai ƙasar ce ta lalace. Shi ana duba zaluncin, ita ana duba halinta. Mun ɗora wa mace sharaɗin sai ta zama ba ta da aibi ko ɗaya kafin ta cancanci adalci, sharaɗin da ko mu da muka kafa shi ba za mu tsallake ba.

Hujja mafi ƙarfi da na ji a ranar daga bakin lauyan cikinmu ta fito, kuma dole in ba shi haƙƙinsa. Ya ce ku tsaya, babu kotun da ta taɓa yanke hukuncin cewa an nuna wa matar nan wariya. Sasantawa aka yi. Kotun Turai kuma a kan waya ta yi magana, ba a kan ƙarin girma ba, ko zargin sauraren wayar gidanta ma ba ta amince da shi ba. Littafin tarihin kai kuwa, mai shi ne alƙali, shi ne shaida, shi ne mai gabatar da ƙara. Waɗanda ta ambata ba su samu shafi ko ɗaya na kare kansu ba. Wataƙila akwai waɗanda suka fi ta cancanta a wasu daga cikin guraben tara ɗin.

Gaskiya ne, duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Kuma littafin da zafin rai aka rubuta shi, mai karatu zai ji. Ba na cikin masu cewa duk abin da mace ta rubuta a karɓa ido rufe. Amma na tambaye shi: rundunar da ta tabbata gaskiya na gefenta, me zai kai ta kasa kunne a wayar ma'aikaciyarta? Sannan irin wannan wariya ai ba ta barin rasit. Ba wanda zai rubuta a fayil cewa mun hana ta don mace ce. Abin da ake rubutawa shi ne ba ta iya zama da mutane ba, tana da taurin kai, lokacinta bai yi ba. Halin da in an gan shi a wurin namiji za a ce jarumi ne, ba ya ɗaukar raini. Shi ya sa irin waɗannan littattafai ke da amfani ko da gefe ɗaya ne: su ne kaɗai wurin da ake ajiye abin da fayil ba ya ɗauka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kana iya cewa ya zuzuta yawan ruwan, amma ba ka ce masa rufin lafiya lau ba alhali ba ka taɓa kwana a ciki ba.

Wani kuma ya ce abin da ya ɓata masa rai tonon silili ne. Aikin ɗamara gida ne, ka ci albashinsa shekara talatin, sannan ka fito ka yi masa tsirara a kasuwa? Wannan ban daɗe a kansa ba. A 2021 wani ɗan sandan Landan ya yi amfani da katin shaidarsa ya sace wata mata mai suna Sarah Everard, ya yi mata fyaɗe ya kashe ta. Binciken da Louise Casey ta jagoranta ya fito a watan Maris na 2023, ya ce ƙyamar mata ta yi jijiya a cikin tsarin rundunar ta Landan. Shekara talatin cif bayan littafin Halford. Rufin asirin da ake ta kira a yi, ga abin da aka rufe.

Amma maganar da ta fi tsaya min a rai ba daga maza ta fito ba. Babbar cikin matanmu, ma'aikaciyar jinya ce, ta girme mu duka, Anti muke ce mata. Ta yi shiru har aka kusa tashi, sannan ta ce ita fa littafin haushi ya ba ta. Ta ce abin da matar nan ke kuka a kai, su sun sha wanda ya fi shi, ba su rubuta littafi ba, ba su je kotu ba, ga shi suna nan suna cin abincinsu. Ta ba mu labarin yadda aka taɓa cire sunanta daga jerin masu tafiya kwas aka sa wani da ta koya wa aiki, aka ce mata ai ke kina da ƙananan yara, taimakonki aka yi. Ba wanda ya tambaye ta. Na ce, to Anti, ai maganarku ɗaya ke nan da mai littafin. Ta ce a'a, ita ta yi haƙuri, waccan ba ta yi ba.

Na kwana ina juya wannan magana. Ina ganin ba matar Anti ke jin haushi ba. Mutum in ya haɗiye abu shekara da shekaru ya sa masa suna haƙuri, sai ya ga wani ya tofar da nasa a bainar jama'a, dole ya ji wani iri, don kamar ana ce masa ne ashe ba dole ba ne ka haɗiye. Ban isa in ce haƙurin Anti kuskure ba ne, ita ta san abin da ta tsare da shi, da aikinta da gidanta. Abin da na sani shi ne, wanda aka tura kwas ɗin a madadinta yanzu shi ke sa hannu a takardar hutunta. Kuma a can Birtaniya, shekara uku bayan Halford ta bar aiki, a 1995, aka naɗa Pauline Clare shugabar rundunar Lancashire, mace ta farko da ta shugabanci runduna a ƙasar, ita ma daga Merseyside ta fito. Ba zan ce ƙarar Halford ce kaɗai ta buɗe ƙofar ba. Amma wadda ta bugi ƙofa da kafaɗa sau da yawa ba ita ke shiga ba.

Sai mai duba bango ya kawo tasa: duk wannan matsalar Turawa ce, mu ina ruwanmu? A nan ne na fito da abin da na tanada. Halford sai da ta yi ta fafutukar nuna wariyar da ba a rubuta ba. Mu tamu a rubuce take, da lamba. Tun 1955 aka fara ɗaukar mata aikin ɗan sanda a Najeriya, kuma ƙa'idojin aikin da aka tsara a 1968 sun tanadi cewa 'yar sanda in tana son aure sai ta rubuta wa kwamishina takardar neman izini, ta ba da sunan mijin da sana'arsa a bincike shi, kuma sai ta yi shekara uku tana aiki. Wannan ita ce ƙa'ida ta 124. Namiji kuwa ko yau ya ga dama a ɗaura. Ku duba fa, a al'ummar da muke cewa aure rabin addini ne, muna gaggauta wa 'ya'yanmu mata shi, doka ta ce 'yar sanda ta jira sa hannun kwamishina. Sai a 2012 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta soke wannan ƙa'ida, bayan ƙarar da wata ƙungiyar kare mata ƙarƙashin lauya Funmi Falana ta shigar.

Sai ƙa'ida ta 127, wadda ta ce 'yar sandan da ba ta da aure in ta yi ciki a sallame ta. Da ita aka kori Omolola Olajide a jihar Ekiti a watan Janairun 2021. Ina faɗin haka majalisa ta ɗauki hayaniya, wai to wannan kuma ai daidai ne, so kake a ɗaure wa fasiƙanci gindi? Na ce ku bi ni a hankali. Ban halatta abin da Allah ya haramta ba. Amma cikin nan ita kaɗai ta yi shi? In ɗan sanda namiji ya yi wa wata ciki a waje, wace ƙa'ida ce ta ce a tuɓe masa kaki? Babu. Addinin da muke kafa hujja da shi, da ya zo maganar zina, mace da namiji ya ambata tare, hukunci ɗaya. Dokar da ta kama ɗaya ta saki ɗaya ba tarbiyya take karewa ba, wanda cikinsa ba ya fitowa take karewa. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke Akure ta ce ƙa'idar ta saɓa wa sashe na 42 na kundin tsarin mulki, wanda ya hana nuna bambanci saboda jinsi, ta ba matar diyyar naira miliyan 5 a watan Janairun 2023, ko da yake ba ta mayar da ita bakin aiki ba. A 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ma ta soke ƙa'idar, a ƙarar da Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya ta kai.

Wato duk gyaran nan, ba wanda aka wayi gari aka yi don kirki. Sai da wata ta ƙi yin shiru, aka zage ta, aka tono mata abin da ta yi da wanda ba ta yi ba.

A ƙarshe dai maganar ta dawo inda na san za ta dawo: to wai me ma ya kai mace aikin ɗan sanda? A nan Arewa wannan ita ce ainihin tambayar, sauran duk ado ne. Kuma a nan ne nake ganin muna yaudarar kanmu. Mu ne in aka zo binciken gida za mu tare ƙofa mu ce namiji ba zai shiga wurin matan aure ba, a kawo mace. Mu ne in aka tsare wata tamu a caji ofis za mu ce wa zai caje ta, wa zai kwana gadinta? Yarinya 'yar shekara goma da aka lalata, a gaban wa muke so ta buɗe baki ta faɗi abin da aka yi mata, gaban ƙato mai gashin baki da bindiga a kafaɗa? Kowa na son a samu 'yar sanda ranar da yake buƙatarta, mai jin Hausa, wadda ta san kunya da al'adarmu. Amma 'yar wani, ba tasa ba. Da can ana fakewa da maganar sutura, to tun watan Maris na 2022, zamanin Sufeto Janar Usman Alƙali Baba, aka amince 'yan sanda mata su sa ɗankwali a ƙarƙashin hularsu. Ban ce hakan ya warware komai ba, amma uzuri ɗaya ya ragu.

In kuwa mun yarda muna buƙatarsu, to ba mu da bakin cewa abin da ke faruwa da su a cikin barikin ba ruwanmu. Wadda aka ajiye a kan teburin rubuta rahoto shekara goma ana tsallake ta, wadda oga ke kira ofis bayan an tashi, wadda in ta yi ƙorafi za a tura ta wani ƙauye a kira shi canjin wurin aiki, ita ce dai muke so ta tsaya wa 'yarmu ranar da abu ya faru. Wanda ba a yi wa adalci a gidansa ba, da wane ƙarfin zai nemo wa wani?

Ba mu tashi da matsaya ɗaya ba, dama ba mu saba ba. Lauya na nan kan bakansa cewa littafi ba hukunci ba ne. Mai karin maganar ɓera ya karɓi littafin zai ƙarasa, ko don ya samo wata hujjar. Bayan ya dawo da shi na miƙa wa ƙanwata, ban ce mata komai ba. Ta yi kwana huɗu da shi. Da na tambaye ta ko ta fasa, sai ta ce, Yaya, ni abin da na koya shi ne in riƙa ajiye kwafin kowace takarda. Hajiya kuwa har yanzu ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Jiya dai na ji tana tambayar maƙwabciyarmu ko daga Kano zuwa Wudil mota nawa ce yanzu.